Farfesan Hawa na Uku

Allah ya yi wa tsofaffin gidan hayar nan na garin Dayton babbar baiwa da ya ajiye musu Vernon Pruitt a hawa na uku. Shekara biyu ya yi yana amsa waya a wani kamfanin inshorar motoci, tun gashinsa na baƙi, kuma tun daga nan ilimi ya kama shi bai sake shi ba. Farfesa ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa.

Duk kaka, idan aka buɗe wa tsofaffi masu inshorar gwamnati ƙofar sauya tsarin da ke biya musu magani, sai Farfesa ya kafa teburi a ɗakin shan kofi, tabarau ɗaya a hanci, ɗaya a goshi. Kowa da cutarsa, amma bana tsari guda ya zaɓa wa gidan kaf, mai hoton mikiya, don ya fi araha a wata. Shi ya fara sa hannu a gaban jama'a, har da gyaran murya.

Matarsa Darlene kuwa ba ta bi sahu ba tukuna. Numfashinta a hannun wani maganin shaƙa yake, kuma in ƙofa ta rufe ranar bakwai ga Disamba, sai baɗi. Ta tattara kwalaben magungunansu a jaka ta kawo masa, ko zai duba suna cikin jerin waɗanda mikiya ke biya. Ko kallon jakar bai yi ba.

"Darlene, masu ƙaramin sani ke karanta jeri. Ni kallo ɗaya nake wa kamfani in san zuciyarsa."

Tsofaffi suka gyaɗa kai, wata har da tafi. Shekara arba'in da shida da aure Darlene ba ta taɓa yi masa musu ba, amma numfashi ba abin kara ba ne. Ran Talata ta ce za ta gyaran gashi, ta sulale laburare, inda wata 'yar sa kai ke duba wa mutum magungunansa ɗaya bayan ɗaya, ta nemo masa tsarin da ke biyan su. Me za ta gani? Almajiran Farfesa reras a layi, kowa da jakarsa, har da mai tafin. Ba wanda ya gaida wani.

Janairu ta kama, suka je kantin magani. Aka miƙo wa Darlene nata salin alin. Farfesa ya ajiye katinsa na mikiya kamar mai ba da kyauta. Yarinyar kantin ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, sannan ta ce ƙwayar maganin zuciyarsa ba ta cikin jerin, sai dai ya biya daga aljihu har shekara ta zagayo.

"Baba, duk wanda ya ba ka shawarar nan, ka daina sauraronsa."

Farfesa ya ja katinsa ya mayar aljihu. Tausayinsa ya kama Darlene, wallahi, amma ta riga ta amsa.

"Ai shi kaɗai ya rage, 'yata. Mu duk mun daina."