Tsohuwa Ta Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da walimar da na yi wa littafin jikata Rukayya ba, ko da Allah ya ƙara mini wasu shekarun a kan waɗanda na tara.

Tun rasuwar Malam ni kaɗai ce a gidanmu na Ƙofar Wambai. Ɗaki biyar, mutum ɗaya. 'Ya'ya duk sun yi gini a wajen gari, sai dai waya. Ana nan ana nan, sai Rukayya ta tsiro da zuwa duk Juma'a. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye wayarta a tsakaninmu, ta ce, "Iya, ba ni labari, tesis nake rubutawa."

Na ce, "Mene ne kuma tesis, 'yar nan?"

Ta ce, "Magana ɗaya ce mutum zai tsaya a kanta, ya tara mata hujja har ta cika littafi. Malamai su titsiye shi da tambayoyi, in ya tsira a ba shi digiri. Maganar sunanta tesis, littafin ma tesis."

Na ce a raina, to sauka ke nan. (Ban taɓa shiga aji ba, amma na san duk karatun da aka kai ƙarshensa sauka ne.) Ban tambayi wace magana ta tsaya a kai ba. Ina ruwana, na samu mai saurare. Shekara guda ina zuba, abin da ban faɗa wa uwarta ba na faɗa mata.

Ranar da ta kawo shi, baƙi, jibgege, da rubutun ruwan zinare, sai da na yi alwala kafin na taɓa. Na ce walima dole.

"Iya, ba a yi wa tesis walima."

"A gidan nan ana yi."

Na sa aka toya waina, na aika wa matan layinmu kaf. (In faɗi gaskiya, so nake a ga tsakar gidana cike, ko sau ɗaya.)

Aka ci aka sha. Na ce mai sauka ta biya mana. Rukayya ta ƙanƙame littafin tana cewa, "Iya, don Allah a bari." Na ɗauka kunya ce. Na karɓe na miƙa wa Malama Bilki, surukar maƙwabciyata Hajiya Yalwa, mai koyarwa a firamare.

"Buɗe ko'ina ki juya mana da Hausa, duk albarka ce."

Ta buɗe tsakiya, ta gyara murya. "Tsohuwa ta bakwai ta ce: in shiru ya ishe ni, nakan kunna rediyo in riƙa amsa masa da ƙarfi, don maƙwabta su zaci baƙi na yi."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Allah sarki, wace baiwar Allah ce wannan?" Ni kuwa nan take na gane maganata ce.

"Ta ce: nakan jera tsofaffin takalman jikoki ƙafa uku a ƙofar ɗaki, don mai shigowa ya ga kamar da mutane a..."

Malama Bilki ta ɗago kai daga littafin. Idanu suka koma ƙofar ɗakina. Ga su nan a jere, ƙafa uku, har da ɗan ja wanda mai shi yanzu ya yi gemu.

Ashe maganar da yarinya ta tsaya a kai ita ce kaɗaicin tsofaffin cikin birni. Ta ɓoye sunana kamar yadda malamanta suka ce. Ni na tara jama'a, na toya musu waina, na tona kaina.

Mata suka sulale da ɗai-ɗai. Rukayya ta yi ta kuka tana ba ni haƙuri, alhali ba ta da laifi. Ba a daɗe ba ta samu aiki a Kaduna, Juma'ata ta koma yadda take.

Wata la'asar sai ga Hajiya Yalwa da kujerarta 'yar tsugunno. Ta zauna kusa da ni. Can ta nisa.

"Kin daina kunna rediyon."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kunna mana. Ai ni ce tsohuwa ta huɗu a littafin."

Takalman na kwashe su. Amma daga ranar, duk wanda ya kawo mini littafi, kome zinaren bangonsa, sai na ji abin da ke ciki kafin in jiƙa shinkafar waina.