Guɗa a Bayan Ragar Autana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, da la'asar ɗin da na je filin balo, wato ƙwallo. Sau ɗaya na taɓa zuwa a rayuwata, kuma sau ɗayan ya ishe ni har kabari. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata Madam Hadiza ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. (Madam, ki rubuta yadda na faɗa. In kin ga na tsaya ina share ido ki jira ni, kar ki cika da naki.)

Mai gidana, Allah Ya jiƙansa, makaɗi ne. Gangar noma ya gada wurin ubansa. Da gayya ta ja baya, sai ya saɓa gangarsa ya koma filin balo na unguwarmu a nan Dakoro, ya yi wajen shekara talatin yana yi wa samari kiɗa. Duk ranar wasa zai dawo murya a dishe, ya zauna bakin ƙofar ɗakina yana ba ni labari.

"Ke ba ki gane ba," yakan ce. "Balo gayya ce. Ƙato in ya ji an kira sunan kakansa da ganga, ƙafarsa ba ta san gajiya ba. Baƙo kuwa in ya ji gari duka a kansa, sai ya manta wace ce ƙafarsa ta dama. Shi kansa mai busa usur ɗin mutum ne, kunne gare shi."

Ni kuwa ina tankaɗe, ko ina tsinkar zogale, sai in ce, "Uhum. Ga ruwa nan."

Gaskiya ce yake faɗa. In yaranmu suka tafi Ajekoriya ko wani gari, sau da yawa kai a sunkuye suke dawowa. Amma a gida, yana bayan raga da gangarsa, shekarun nan na ƙarshe babu wanda ya zo ya ci su ya tafi.

Da ciwo ya kwantar da shi, kwana biyu kafin ya cika, ya sa aka kira masa autanmu Sha'aibu, wanda shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar, da Lawali mahauci, shugaban magoya baya. Ina zaune ina yi masa fifita. Ya dube mu ya ce, "Ku dai kar ku bar filin nan ya yi shiru." Wallahi har haushi na ji. Mutum yana bakin tafiya, ba maganar gona, ba maganar gida, sai balo. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, ita na yi ta juyawa duk tsawon takabata.

Na fita takaba da kaka, daidai lokacin da aka gama aikin gona aka koma wasa. Wasan farko a gida da ƴan Korahane ne. Lawali ya zo ya durƙusa a tsakar gida.

"Inna, ganga muna da mai taɓawa, amma hannu ba ɗaya ba ne. Muryar gidan nan muke so a filin. Ki zo ki yi muna guɗa."

To ni maguɗiya ce, kowa ya sani. Amaren da na raka ɗaki da guɗata a garin nan, wasu har sun aurar da jikoki. Sha'aibu yana gefe yana wanke hannu, ya ce, "Inna, ki yi zamanki. Idonki ba ya gani sosai, kuma ba ki san kan abin ba."

Na ce, "Kai, rufe mini baki. Abin da ubanka ya yi shekara talatin yana faɗa mini ne ban sani ba?"

(Kin ji, Madam? Da bakina na faɗa.) Idon kuwa gaskiyarsa ce. Yanar ido ta rufe mini shi, likita ya ce in zo a kankare, ina ta cewa sai bayan salla. Abin da ya wuce taku goma, inuwa da launi kawai nake gani.

Ranar wasa aka aje mini kujera ƙarƙashin itacen bedi, bayan raga, daidai inda marigayi ke tsayawa. Jama'a ta cika, ƙura ta tashi, ga mai ganga kusa da ni. Lawali ya sunkuyo ya ce, "Inna, aikinki biyu ne. Wancan mai baƙar riga da ya ba mu baya, mai tsaron ragarsu ne, ki hana shi sakat. In kuma kika ga balo ya shiga ragar nan ta gabanki, ki saki guɗa."

"Sha'aibu fa?"

"Shina can ɗaya bakin, shina tsaron tamu."

Na hanga, na ga wani abu baƙi tsaye kamar turmi. Na ce to.

Aka busa usur. Ni da ban taɓa zagin ɗan kowa a bainar jama'a ba, sai ga bakina ya buɗe. "Kai mai baƙar riga! Da man shanu ka wanke hannu? Uwarka ta san kana nan, ko cewa ka yi za ka kiwo?" Mutane suka kwashe da dariya, mai ganga ya ɗauki maganar ya mai da ita kiɗa, fili duka ya amsa. Ina jin ƙasa tana motsi ta ƙafafun kujera. A nan na fara gane abin da mutumin nan ke faɗa. Yaranmu kamar ana tura su daga baya, baƙin kuwa sai waige suke. Ba a jima ba aka bugo wani balo, ɗan mutane ya kama, ya suɓuce masa, raga ta girgiza. Na toshe hanci, na rufe ido, na rangaɗa guɗa. Da na buɗe ido Lawali na kuka kamar yaro, yana cewa, "Baba bai mutu ba! Wallahi Baba bai mutu ba!"

Tun ranar da aka fita da gawarsa, sai lokacin na ji ƙirjina ya buɗe. Na ce a raina, ka ji, mai gida, ban bar shi ya yi shiru ba.

Can aka busa usur mai tsawo, ƴan wasa suka zube suna shan ruwa. Na ce an gama? Lawali ya ce a'a, mitan ne, hutun rabin lokaci. Na tuna ban yi la'asar ba, sai na lallaɓa na shiga gidan ƙawata Kulu da ke bakin filin, ban gaya wa kowa ba. Na yi salla. Kulu ta dama fura, ta sake yi mini gaisuwa, ta tuno nata mijin, muka ɗan yi kukanmu na zawarawa. Kafin in fito an koma wasa.

Na iso gindin bedi, babu kujerata, babu Lawali, babu ganga. Ina jiyo ta can nesa, ɗaya bakin filin. Kin san abin da na ce a raina? Na ce sun kai wa Sha'aibu kiɗa don ya ji ƙarfi, ni kuma sun bar mini nan domin ni kaɗai na isa. (Rubuta, Madam. Girman kai ba ya tsufa, mai shi ne ke tsufa.) Ashe kujerar tawa tana can sun ɗauke ta tare da ganga, suna ta dube-dube ina na shiga.

Ƙarƙashin bedin akwai wasu mutane, ba su da yawa, masu rawuna, muryoyinsu ban san su ba. Na ɗauka baƙin kasuwa ne suka tsaya kallo. Ɗaya ya shimfiɗa mini buzunsa ya ce, "Bismilla, Inna." Na zauna. Ga raga a gabana, ga mai baƙar riga ya ba ni baya. Wa ya gaya mini su biyun duk baƙar riga suka sa?

Na gyara murya. "Kai, har yanzu ba su canza ka ba? Su ba su da wani ne?"

Masu rawuna suka dubi juna. Sai ɗaya ya fashe da dariya ya ce, "Ƙara mishi, Inna, ƙara mishi!"

Na ƙara masa. Na ce tsayuwarsa kamar ta jakin da aka manta a bakin rijiya. Na ga yana karkaɗa hannu ta baya kamar mai korar ƙuda, na ce ya ji zafi ke nan. Na ce, "Wace ce ma ta haife ka? Wallahi ta yi asarar goyo!" Mutanen nan har faɗuwa suke suna riƙe ciki. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ga yau bakina ya fi na ɗazu kaifi.

Ɗan da na goya shekara biyu a bayana, Madam. Ya ba ni nasa bayan, taku goma sha wani abu, ban gane shi ba.

Sai na faɗi wadda har gobe take hana ni cin tuwo. Na ce, "Da ganin hannunka, ubanka ma bai taɓa riƙe abin kirki ba!"

Nan ya juyo gaba ɗaya. Na ga ya buɗe baki, na ce za ya rama ne. Kafin ya ce komai, wani abu fari ya wuce ta gefensa, raga ta girgiza. Ni aikina biyu aka ce. Na toshe hanci, na rufe ido, na saki guɗa. Ban taɓa yin mai tsawonta ba, ko a auren ɗiyata ta fari. Na ja ta, na lanƙwasa ta, na sake ɗaga ta sama, ina cewa a raina wannan taka ce, mai gida.

Da numfashina ya ƙare na buɗe ido, sai na ji abin da ban ji ba tun zuwana. Shiru. Ganga ta tsaya. Filin nan duka babu mai tari, sai masu rawunan da ke tsalle kewaye da ni suna kiran Korahane.

Mai baƙar riga ya tako cikin raga zai ɗauki balo. Ya zo dab da ni, taku uku, zaren raga ne kawai tsakaninmu. A taku uku idona yana gani. Fuskar ubansa ce sak.

"Inna," ya ce, a hankali, ko ɗaga murya bai yi ba. "An juya."

"Mi aka juya?"

"Raga. Bayan mitan juyawa ake."

Ya ɗauki balonsa ya koma.

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar ta tsage. Can cikin mutanenmu wani ya yi dariya, wani ya kama, ta bi filin kamar wuta a kara. Dariyar da ɗazu ta karya ɗan mutane, ita ce yanzu ta sauka a kan namu, daga bakin namu. Mai ganga ya taɓa sau biyu, babu mai amsawa, ya bari. Baƙin nan da ba su cika tabarma uku ba suka ɗauki waƙa, muryarsu kaɗai ake ji a filin mijina. Yaranmu sai kallon ƙasa. Aka ƙara zura wa Sha'aibu na biyu, aka ƙara na uku, duk a gabana, ina zaune a kan buzun baƙo. Lawali ya iso a guje da kujera a ka, yana haki: "Inna, can fa muke ta jiranki!" Na ja mayafi na rufe fuska. Kulu ce ta zo ta kama hannuna ta kai ni gida ta bayan gari.

Sha'aibu ya rataye safar hannunsa a ƙusa ɗaya da gangar ubansa, suna nan har yau. Kullum da safe zai zo ya durƙusa, "Inna, kin tashi lahiya?" Bai taɓa tada maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya na ce, "Auta, ban san kai ne ba." Ya ce, "Na sani, Inna. Ta goyon ba ta dame ni ba." Na san ta ubansa ce ta soke shi.

Guɗa kuwa na aje ta. Biki ɗaya na je bayan nan, ina shirin toshe hanci wata ta ce, "Inna, duba da kyau, amaryarmu ce ko tasu?" Na sauke hannuna. Wata ranar kasuwa ma wani mai rawani ya yi sallama ya aiko da cuku, wai a ba Innarsu ta Korahane. (Na ci, Madam, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina ci ina kuka.)

An ce ana wasa har yanzu, amma mutane sun ragu, kuma baƙi sun daina jin tsoron zuwa. Da la'asar nakan kasa kunne daga tsakar gida, usur kawai nake ji. Abu ɗaya ya roƙa, kar filin ya yi shiru. Ciwo bai sa shi shiru ba, mutuwa ma ba ta gama sa shi ba, sai da ni na je da kaina.

Abin da ya fi ci mini rai, ya faɗa mini. Ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Yanzu ina jin muryarsa a bakin ƙofar nan: "Da aka yi mitan sai na saɓa gangata muka koma ɗaya bakin." Shekara talatin yana saɓa gangar nan yana komawa ɗaya bakin a cikin kunnena, ban taɓa aje rariya na ce masa don mi ba. Da na tambaya sau ɗaya, da ya ji daɗi, da ya yi ta bayani har tuwo ya huce.

To ga abin da na koya, a makare. In naka yana ba ka labarin abin da ransa ke so, ko kana ganin shirme ne, ka tsaya ka tambaye shi don mi, tun yana nan. Ke kuma Madam, in wata rana aka zaunar da ke bayan raga, kafin ki ce wa uwar wani ta yi asarar goyo, ki tashi ki zagaya ki dubi fuskarsa.