Albasa a Cikin Jarkar Fetur

Ku ɗan matso kusa, don wannan ba zancen ɗaga murya ba ne. Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tafka abin kunya a zauren gidana, a gaban matan unguwa da wan mijina. Yanzu na tsufa, jikoki sun cika tsakar gida, amma in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗau zafi.

Lokacin wahalar man fetur ne, zamanin soja, sa'ad da mota kan yini ta kwana a layin gidan mai ta dawo ba ko ɗigo. Muna zaune a unguwar Shehuri, ni da mijina Baban Falmata, Allah ya jiƙansa, da yaranmu huɗu. Yana da injin markaɗe a zaure, ɗan ƙarami mai tanki ja, da shi muke ci muke sha. Ni ba mai yawan fita ba ce, boko kuma ban yi nisa ba, amma kunnena ba ya barci. Daga ɗaki nakan san wake ake markaɗawa ko jiƙaƙƙiyar shinkafa, don kowanne da irin kukan da yake sa injin. Hirar zaure ma ba ta wuce ni (ba laɓe nake ba, katangar ce ba ta da kauri).

Ta haka na ji wani abokinsa, mai gyaran injin jirgin ruwa a garin Baga, ya ba shi wata 'yar kwalba yana cewa, "In za ka ajiye mai, zuba masa murfi guda na wannan. Zafin garin nan ba ya barin fetur ya daɗe. In ba magani a ciki, lalacewa yake kamar miyar jiya." Na adana maganar a raina, na ci gaba da tankaɗe.

Bayan an daɗe, Baban Falmata ya samo jarka biyu cike da fetur da ƙyar, ya jera su a lungun zaure. Bai ko buɗe su ba ciwo ya kwantar da shi, ciwon da bai tashi ba.

Ina cikin takaba wansa ya zo, Alhaji Bukar, dillali ne a kasuwar shanu. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauka mugu zan kwatanta muku. Ya zauna bakin ƙofa ya ce, "Maman Falmata, injin nan sayar da shi za a yi, a saya wa marayu tumaki. Dabba na sani, ƙarfe ban san shi ba, ke ma ba ki san shi ba. Man ma a ba 'yan bumburutu tun yana da daraja."

Na ce, "Yaya, ka bar mini shi. Tumaki sai shekara su haihu, injin kuwa kullum yake kawo cefane. Na iya."

Ya ce, "To. Ki fita takaba mu gani. In ya tashi a hannunki, naki ne ke da yara. In ya ƙi, baro zan aiko a ɗauke shi."

Yana fita maganar mutumin Baga ta faɗo mini. Na bi zauren nan lungu-lungu har na gano 'yar kwalbar a bayan buhu, fayau, ko ɗigo babu. Ga sauran takaba da tsawo, ga bazara ta kama, kwanon zaure kamar tanda. Na rasa barci da tunanin man nan yana can yana lalacewa, abincin 'ya'yana yana lalacewa da shi.

To, mu asalinmu makiyaya ne, daga mu har dangin mijina. A ruga na tashi. Innata in za ta ajiye man shanu, soya shi take da albasa, ta jefa kanumfari da ɗan gishiri, ta ɗura a tandu, ya shekara ƙamshinsa na nan. Na ce a raina, ai maganin cikin kwalbar nan ba zai wuce irin wannan ba, Turawa ne dai suka tace nasu. (Na gode Allah da hankalina bai gushe har na ɗora fetur a murhu ba, da ba ni ce ke ba ku labarin nan ba.) Na yanka albasa manya-manya, na tura ta bakin jarka, na bi da kanumfari da gishiri, na yi bisimilla na rufe da leda. Har wani daɗi na ji. Na ce ga ni mace, ba boko, na warware abin da maza ke aikawa Baga nema.

Ina fita takaba aka tashi bikin 'yar Ya Hajja, maƙwabciyata. Don ta ƙarfafa mini gwiwa ta ce, "Me zai kai mu wata unguwa markaɗe, ga injin gida?" Da safe mata suka jeru daga zaure har waje da bokitan shinkafar sinasir da ta kwana a jiƙe. Alhaji Bukar ya zo, aka sa masa kujera, ya zauna da carbinsa.

Na ci ɗamara. Na ɗora tsumma a bakin mazurari na tsiyaya man a tanki, kamar yadda na sha gani ana yi. Ya fito ja-ja kamar shayi, wani wari ya tashi, rabi tsohon fenti rabi kicin. Ya Hajja ta shaƙi iska ta ce, "Wa ke suya da sassafen nan?" Na yi kamar ban ji ba.

Na naɗe igiya na ja. Shiru. Na sake ja, injin ya yi tari sau ɗaya kamar tsoho ya ƙware. Na ja, na ja, gumi ya jiƙa mini riga, ɗankwalina ya zame ya faɗa bokitin wata. Can ya kama, tut-tut-tut, mata suka ɗau guɗa, na ɗago kai na dubi Yaya har da murmushi. Kafin in kai hannu ga bokitin farko ya yi aman baƙin hayaƙi ya mutu. Kunnena ya gaya mini wannan mutuwar ba irin ta kullum ba ce.

Aka kira Bitrus makanike, mutumin Biu, gida biyu ne tsakaninmu, shi ke yi wa marigayi gyara. Ya tsuguna ya kwance kafireta, ya nuna mini cikinta. Wani abu ya daskare a ciki, mai danƙo kamar ƙaro.

"Mama, man da marigayi ya bari a ciki ne ya bushe haka. Ai da an tsiyaye shi tun farko. Na jarkar fa? Kawo mu gani ko zai yi."

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, ba sai an duba ba."

Alhaji Bukar ya ce, "A duba."

Bitrus ya jawo tsohuwar roba ya karkata jarkar. Man ya gangaro, sannan abin ya fara fitowa, tsulum, tsulum. Albasa ta yi laushi ta yi baƙi, kanumfari na yawo a sama. Na ji ƙarar carbin Yaya ta tsaya.

Ya Hajja ta matso. Ta leƙa robar ta ce, "Yo saura tattasai da daddawa a sauke!"

Mata suka bushe da dariya, wata har da riƙe bango. Na waje suna tambaya da Barbarci me ya faru, na ciki suna miƙa musu labari. Bitrus ya sunkuyar da kai yana goge sifana da ba ta da datti, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye, kai ba ɗankwali, igiya a hannu.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya zuba?"

"Ni ce, Yaya."

"Don me?"

"Don kada ya lalace."

Ya daɗe yana kallon robar nan. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce a hankali, "Haka tsohuwarmu take yi wa man shanu." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bitrus ya sa baki, ya ce, "Alhaji, injin lafiya lau ne. Wanke kafireta kawai, a samo sabon mai. Ko ba albasa man nan ya riga ya mutu, albasar ruwa kawai ta ƙara masa."

Yaya ya ce, "Na ji, Bitrus. Amma yau albasa ce, gobe ban san me za a kusanta da jarkar nan ba. Marayu huɗu ke kwana a gidan." Ni ma a wurinsa abin da zan faɗa ke nan.

Mata suka ɗauki bokitansu suka nufi wata unguwa, rana ta riga ta take. Sinasir ɗin bikin ya yi tsami, aka kuma aiko mini da nawa a kwano, ban iya ci ba. Bayan la'asar baro ya zo. 'Yata Falmata ta riƙe wa masu ɗauka ƙofa, ni ina ɗaki ina jin ƙarar tayar har ta sha kwana. Bayan kasuwa ta ci aka ɗaure mana tumaki a inda injin yake.

Ba mu mutu da yunwa ba, na koma suyar ƙosai, ina aika wakena injin wasu. Abin da na koya shi ne, dabarar Inna ta shanu ce, ƙarfe yana da nasa mutanen, kuma ɗayansu gida biyu ne tsakaninmu. Aike ɗaya zan yi wa Bitrus, amma na ji kunyar a ce ban sani ba, sai na sayi babbar kunya da injin 'ya'yana.

Na ga kuna danne dariya, ku yi abinku. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, ku ba ku taɓa ɗaukar dabarar iyayenku kun kai ta inda ba a aike ta ba?