Ranar da Na Talauta Gidan Ammi Garba

Ba zan taɓa mantawa da wannan abu ba, ko da yake na yi ƙoƙari. Saura ƙiris ma in fasa ba ku shi, don ni labarin da nake jin daɗin bayarwa shi ne wanda wani ya sha kunya ina gefe ina dariya. Wannan kuwa ni ne a tsakiyar fili. To amma yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, saura ni da bakina.

A Jidda ne, zamanin da a kan jaki ake kawo mana ruwan sha. Babbar mota nake ja, in ɗauki kaya a tashar jiragen ruwa in kai Tabuka, wani lokaci har Amman, har Sham. In na dawo kuwa ba mai hutawa: a Sham kaza ake yi, a Sham ba haka ake yi ba. Har 'yan unguwa suka sa mini suna Ɗan Sham. (Na ɗauka yabo ne. Na daɗe ina ɗauka yabo ne.)

Masaukina gidan Ammi Garba, wato Baffa Garba da Larabcin garin. Shi ya tsince ni ranar da na sauko daga jirgin Sudan ban san kowa ba, ya ba ni ɗaki, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Dattijo ne mai sayar da sairiya, wato tsirenmu na gida da aka sake wa suna a nan. Haifaffen Jidda ne, yana da takardar ɗan ƙasa, amma ba shi da komai sai ɗan gidan nan, da matarsa Hala Hauwa, wato Inna Hauwa, da 'yarsu Safiya mai ɗinki. Sai kuma abu ɗaya da yake ji da shi: bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ko lokacin Hajji da ake rabon sadaka a titi, hanya yake sakewa.

Wata shekara aka yi sanyi. Sanyin Jidda dai, ku gane: ruwa ya ɗan sauka, iskar teku ta kaɗa, mutane suka naɗe kai da shali kamar ƙanƙara za ta zubo. Ni da na taɓa kwana a hanyar Tabuka ruwan motata ya daskare, dariya nake musu. Amma na ga Ammi yana tashi sallar asuba yana murza gwiwa, sai abin ya tsaya mini a rai.

A tasha wani direba ya gaya mini gwamnati na taimaka wa marasa ƙarfi da kayan sanyi: bargo, da daffaya, wato murhun ɗumama ɗaki, da kananzir ɗinta. Sharaɗin shi ne mai gida ya zama ɗan ƙasa, kuma za a turo mutane su duba gidan. Ni iƙama gare ni, takardar zaman baƙo, ban shiga ciki ba. Ammi ya shiga. Ban tambaye shi ba, don na san amsar da zai ba ni. Na je ofishin na faɗi sunansa da unguwarmu, ma'aikacin ya ce Alhamis za su zo, bai ce safe ko yamma ba. Na tafi da lodin Madina, na dawo ranar Alhamis ɗin bayan azahar.

Na tura ƙofa, ba kowa. Na leƙa ɗakin zama, sai ga shi an sake masa kama. Jar darduma mai laushi daga bango zuwa bango, matasan jingina a jere, tukunyar shayi tana ƙyalli, ƙananan kofuna masu bakin zinari, har da rediyo an lulluɓe shi da ɗan ƙyalle.

To, duk wanda ya zauna unguwarmu ya san ma'anar wannan. In manyan baƙi za su zo gidanka, ba kai kaɗai ke karɓarsu ba. Wannan ta kawo darduma, waccan ta kawo kofuna, a yi girki a gidan maƙwabciya mai babban madafi. Baƙi su tafi, kowa ya ɗauki nasa, ba mai tada zancen. Ni ma na san haka sarai. Amma kaina cike yake da Sham. Can na ga yadda talakawa ke yi in masu dubawa za su zo: a ɓoye tukwanen tagulla, a fito da tsummokara. Abin da kawai ya zo mini shi ne, Hala ta tashi ƙawata gida a ranar da bai kamata ba.

Na naɗe dardumar nan na kai motata da ke bakin lungu. Na dawo na kwashe matasai, na kwashe kofuna, na rungumi rediyo. Gumi nake yi sharkaf (a cikin sanyin da nake nema wa daffaya). Na shimfiɗa tsohuwar tabarmar da Ammi ke yanka nama a kai. Na rataye rigar aikinsa, mai faci da ƙaurin hayaƙi, a ƙusar da ido zai fara sauka. Na cusa tsumma a tagar da lafiyarta lau. Na ja da baya na dubi aikina, har na yaba wa kaina.

Ana idar da la'asar aka yi sallama. Maza uku, fararen riguna a goge, babban cikinsu da shalin ulu a kafaɗa. Baƙaƙe ne kamar mu, amma da Larabci suka yi magana, ni ma na amsa da shi. Na ce a raina, ma sha Allah, gwamnati ta san ta turo namu.

"Nan ne gidan Alhaji Garba?"

"Nan ne. Ai jiranku ake yi. Ku shigo ku gani da idonku."

Suka zauna a tabarmar nama suna tattare riguna. Na gyara murya.

"Kun dai gani. Dattijon nan ba zai faɗa muku ba, kunya gare shi, shi ya sa na tsaya a madadinsa. Gidan nan sai a wuni ba a hura wuta ba. Bargo ɗaya ne, karɓa-karɓa ake yi da shi."

Babban ya dubi na kusa da shi, ya ce "La haula" a hankali.

Da na ga magana ta shiga, sai na ƙara gishiri. "Ga 'yarsa kuma, baiwar Allah, tari take kwana yi. Tun shigowar sanyin nan ba ta da lafiya." (Safiya ko atishawa ba ta yi ba a shekarar.)

Sai na ukunsu ya karkata wajen babban, ya ce da Hausa, Hausar mutanen Sudan: "Yaya, tari kuma? Usmanu bai gaya mana ba."

Usmanu. Wani yaro ne mai natsuwa da ke aiki a ɗakunan ajiya na tasha, wanda na lura rigunansa sun cika yagewa, kullum yana kawo wa Safiya gyara. Waɗannan iyayensa ne. Neman aure suka zo.

Ban gama haɗiye wannan ba Ammi ya shigo, sabuwar riga, sabon aski, ƙamshin turare na binsa. Hala na bayansa da tire. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙusa, ya dubi taga, sannan ya dube ni. Ya gaisa da baƙinsa, ya zauna a tabarmar nan kamar dama ita ya shirya musu.

Hala ce ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan Sham, ina dardumar Hajiya Zainabu?"

"Tana mota, Hala."

"Mota za ta yi baƙi?"

Na shiga bayani. Na ce ƙarya na yi, na ɗauka mutanen gwamnati ne, gidan nan ana cin nama kullum, Safiya lafiyarta ƙalau. Amma duk abin da na faɗa, gani suke rufa wa mai gidana asiri nake yi. Babban ya dafa ni. "Halas, ɗana, ya isa. Kai ɗan halak ne. Mu ma mun san babu." Ya cire shalin ulun nan ya shimfiɗa a gwiwoyin Ammi.

Ammi ya dubi shalin ya daɗe. Sannan ya ce, "Na gode." Har yau in na tuna muryar da ya faɗi kalmar nan da ita, abinci fita yake daga raina.

Washegari sai ga buhun gawayi, da barguna, da shinkafa, da wata gwaggon Usmanu ɗauke da zuma na maganin tari. Ta zauna ta saurari ƙirjin Safiya wuni guda. An yi auren, alhamdu lillahi. Amma dangin ango sun ce kada a kawo komai, a kawo yarinya da kayan jikinta. Ammi kuwa shekaru ya yi yana tara mata kayan ɗaki daga bakin wutar nan tasa. Da aka kai, sai suka riƙa sa wa maƙwabta albarka, wai su suka haɗa mata. Kowace shekara in iska ta fara kaɗawa, sai bargo ya iso daga gidan surukai. Ba a mayar da kyautar suruki, haka ya riƙa karɓa har ya rasu. Ban taɓa ganin ya zauna a gidansu ya saki jiki ya ci abinci ba. Safiya kuwa sai da ta haihu sannan ta koma amsa gaisuwata da baki.

Mutanen gwamnati fa? Sun zo, bayan sanyi ya wuce. Suka ga barguna sababbi a jibge da buhun gawayi, suka ce wannan gida ba ya bukatar komai.

Tun daga nan, in na ga mutum yana rawar sanyi, sai na tambaye shi ko yana so a sani. Wani ya fi son sanyin. Zancen Sham ma na rage shi sosai.

Ammi bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai bayan biki na same shi a wajen sana'arsa yana fifita garwashi. Ya zaro tsinke ɗaya mai zafi ya miƙo mini, ya jira na kai baki, sannan ya ce, idonsa na kan wuta:

"Ɗan Sham, kai da ka zaga duniya, a wane gari ne ake tuɓe mutum kafin a lulluɓe shi?"