Rasuwar Haƙurau, Wanda Aka Ɗora wa Tukunya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Malam Maharazu Ɗayyabu Buji, malamin bayoloji a nan Dutse, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin ɗalibaina rasuwar Haƙurau, wanda wa'adinsa ya cika ranar Asabar da ta gabata, tsakanin hantsi da azahar, a tsakar gidana, bayan gajeriyar jinya ta kamar awa uku.

Ga wanda bai san marigayin ba, shi ne ɗan tabon nan mai ruwan toka da ke manne a jikin wani dutse mai girman kabewa, a gefen randarmu. Mutane kan ce masa kyasbin dutse, Turawa kuwa laikin suke ce wa irinsa. A ido abu ɗaya ne, amma su biyu ne a ciki: fumfuna da gansakuka. Fumfuna ke saƙa ɗaki, ta riƙe ruwa, ta tare zafin rana. Gansakuka kuma tana zaune daga ciki, tana haɗa sukari da hasken rana tana ciyar da su duka. Babu dangin iya babu na baba a tsakaninsu, amma ban taɓa jin kansu ba.

Mun haɗu a 1991, shekarar da aka ba mu jiha, lokacin da ake ta fasa duwatsu don ginin ofisoshi. Na tarar da shi saura ƙiris guduma ta hau kansa. Na roƙi mai fasawar ya bar mini, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in ɗauka, Allah ya ƙara sauƙi. A bayan kekena na ɗauro shi, muka iso gida da ƙyar, taya ta lanƙwashe.

Marigayi ya kasance mai haƙuri, mai wadatar zuci, marar son yawo. Bai taɓa neman abinci a wurina ba. A shekara goma sha ɗaya da muka yi tare ya girma daga faɗin murfin kwalba zuwa faɗin gindin kofin shayi, kuma bai taɓa yi wa kowa alfahari da hakan ba. Magana ɗaya tak na san shi da ita. Idan na yayyafa masa ruwa da safe na kara kunnena, sai in ji wani siririn "tsss", daga nan launinsa ya juya daga toka zuwa kore. Maiɗakina Zaituna ta ce dutsen ne ke shan ruwa. Ni dai na san muryar da na ji.

Abin da ya ɗaure ni da shi tambaya ce. Fumfuna tana da nata ƙwayoyin gado, wato saƙon da kowace halitta ke karɓa daga iyayenta, gansakuka ma tana da nata. Masana sun gwada raba su, aka rene su daban-daban a cikin kwalba. Fumfuna ta zama wani dunƙule marar fasali, gansakuka ta rage kyautar sukarinta. Ashe ke nan akwai wani umarni a cikin gadon kowaccensu da ba ya farkawa sai ta ji 'yar uwar zamanta a kusa. Wane ne shi? A ina yake kwance? Duk ranar ɗaya ga wata sai in auna marigayi da rula in rubuta, har na cika littafi uku, ina jiran ranar da wani mai kayan aiki zai zo ya karanta mana.

Ya sha jarrabawa a rayuwarsa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, maƙwabcina Malam Sharhabilu ya hango ni ta kan katanga ina durƙushe gaban dutse ina zuba masa ruwa. Bai yi ƙasa a gwiwa ba ya kai magana gaban dattawan unguwa. Suka zo su biyar, na shimfiɗa tabarma, na yi bayani tun daga tushe. Da na gama sai Malam Sharhabilu ya gyara zama ya ce, "To mun ji ba tsafi ba ne. Amma ka ce su biyu ne a ɗaki ɗaya. Wa ya ɗaura?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ban samu halarta ba, an riga ni." Limaminmu ya karɓi gilashin ƙara girma, ya daɗe sunkuye, ya ɗago ya ce, "Subhanallahi. Ku bar bawan Allah da dutsensa." Tun daga ranar Malam Sharhabilu ba ya wucewa sai ya tambayi lafiyar mutanen gefen randa.

Ga yadda ajali ya zo. 'Yata Rukayya ta haihu a gida, aka sa suna ranar Asabar. Yayata, Yaya Asma'u, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta taso daga Miga don ta riƙe girki. Aka kawo babbar tukunya, aka nemi duwatsun murhu, aka samu biyu. Ni ina ƙofar gida ina raba goro. Zaituna tana ɗaki wurin mai jego. Babu wanda ya tsaya wa marigayi.

Wajibi ne in faɗi gaskiya ko da a kaina ne: na ci tuwon. Na ci malmala biyu, na yaba miyar, na nemi ƙari. Sai da na shiga wanke hannu na ga gefen randa wayam.

Na ce, "Yaya, ina dutsen da ke nan?"

Ta ce, "Wanne? Mai dauɗar nan? Ai ya yi mana rana, Maharazu, ko gezau bai yi ba. Na ma juya wajen dauɗar ta ciki, kada baƙi su gani su ce matarka ƙazama ce."

Na janye itacen da hannuna, na jira ya huce. Na yayyafa ruwa, na kara kunne. Wannan karon dutsen ne kaɗai ya amsa.

Marigayi ya rasu ya bar ni, da littattafan awo uku, da rula ɗaya, da gilashin ƙara girma, da dangi masu yawa a kan duwatsun da ke kewaye da garin nan, waɗanda ba su san ni ba kuma babu wanda ya taɓa auna su. Ya kuma bar tambayar da muka fara tare, ba amsa. Malam Sharhabilu, da ya zo gaisuwa, ya ce a ƙa'ida gaisuwa biyu zai yi mini tunda rai biyu ne, ya kuwa yi, ya fita ya sake sallama.

Ina roƙon jama'a kada kowa ya ga laifin Yaya. Zaituna ce ta warware mata abin da ya faru. Washegari da safe aka neme ta aka rasa. Sai wajen azahar ga ta tana haki, mace mai shekara sittin da takwas, ɗauke da wani dutse a cikin daro, ta hau tsauni ita kaɗai ta samo. Akwai farin tabo a jikinsa. Ta sauke a gabana ta ce, "Duba mini, irinsa ne?" Na sa gilashi na duba. Kashin tsuntsu ne. Na ɗago na ga yadda take kallona, ƙafafunta duk ƙaya. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya, ya bar zumunci." Na ajiye shi a gefen randa da kaina.

Za a mayar da marigayi tsaunin da aka ɗauko shi ranar Alhamis bayan la'asar. Za a taru a ƙofar gidana, a tafi a ƙasa, gawar tana baro. Liman ya ce babu wanka, babu salla, babu zaman makoki, kuma na bi. Ana roƙon masu rakiya su duba kafin su zauna a kan kowane dutse, saboda dangin mamaci.

Sai wata alfarma. Dakta Mika'ilu, malamin jami'a da na yi shekara shida ina rubuta wa wasiƙa, ya amsa a watan jiya cewa zai zo ya kankari ɗan kaɗan daga jikin marigayi a aika waje a karanta ƙwayoyin gadonsa. Ranar Alhamis ɗin nan ya sa, kuma ba ni da hanyar tsayar da shi. Duk wanda ya ga wani mai tabarau da ƙaramar akwati a tasha yana tambayar gidana, don Allah kada ya faɗa masa a hanya. A kawo shi, a ba shi ruwa ya sha, ni zan gaya masa da bakina.

Yaya Asma'u ta rantse ita za ta dafa abincin 'yan rakiya. Na aro mata risho.