Yadda Ake Tsince Maza Daga Tafkin Gishiri Kafin Mai Bincike Ta Iso

A bakin ƙofar ruwa, inda ake sako ruwan teku cikin tafki, suka ƙulla yarjejeniyar, Baldomero da ƙaninsa Evaristo, a kan gonar gishirin da ubansu ya bar musu a bayan garin Chiclana. Baldomero yana kwasar gishiri a wurin tun yana da gashi a kai. Evaristo kuwa yana Sevilla, ya samo masu gina otal da ke son sayen gonar, sa hannun wansa kawai ya rage.

"Yaya, mu kashe maganar nan yau," in ji Evaristo. "Wata Dakta za ta zo daga jami'a ta duba ƙwarin ruwan nan naka. In ta ce irin gida ne, hukuma za ta kare wurin, ni kuma na haƙura. In ta ce ba su ba ne, ka sa hannu."

"Na yarda. Matsa daga nan kafin taɓo ya cinye maka takalman birni."

Suka tafa.

To, kai mai gonar gishiri da ƙane mai idon kuɗi, ga hanya. Na bi abin da Baldomero ya yi daki-daki, kuma ina ba ka tabbaci: duk wanda ya bi matakan nan bai tsallake ɗaya ba, zai samu abin da ya samu, ba ragi ba ƙari.

Mataki na ɗaya: Ka tafa kafin ka leƙa ruwan

Namiji ba ya cewa "bari in je in duba" a gaban ƙaninsa. Ka tafa tukuna. In motarsa ta ɓace, sai ka durƙusa ka leƙa.

Abin da kake nema shi ne jatan landen gishiri, wanda masu boko ke kira artemiya. Ɗan ja-ja ne, da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa, yana iyo a rigingine cikin ruwan da gishirinsa ke kashe kifi. Irin Amurka ya mamaye gonakin maƙwabta, shi ya sa hukuma ke rawar jiki a kan duk tafkin da irin gida ya rage.

Baldomero ya leƙa, bai ga komai ba sai fuskarsa. Ruwan sama ya yi yawa a bana, ƙofar ruwa ta karye, kifaye sun shigo sun share tafkin tas.

Mataki na biyu: Kada ka tambayi masani, tambayi aboki

Masani zai tambaye ka dalili. Aboki kuwa sai dai ya tambaye ka nawa kake so. Baldomero ya nufi wurin Fulgencio, wanda ke aiki a gidan ƙyanƙyasar kifi, inda ake ciyar da jariran kifi da ƙwarin nan.

"Tsohon banza, me za ka yi da ƙwan artemiya? Kifi ka haifa?"

"Ba ni gwangwani ɗaya, ka bar wa'azi."

Ƙwan kamar garin ƙasa yake, a bushe, sai ya ji ruwan gishiri ya farka. A jikin gwangwanin akwai rubutun Ingilishi da hoton wani tafki da duwatsu masu ƙanƙara. Kada ka karanta. Rubutun jikin gwangwani na masu shakka ne. Gyara ƙofar ruwa, jira gishiri ya yi ƙarfi, juye.

Kafin wata ya zagayo tafkin ya yi jawur. Baldomero ya koma tafiya da hannuwa a baya kamar magajin gari.

Mataki na uku: In ta yi waya, bar ta ta yi ta magana

Dakta Nuria ta kira don ta sanar da ranar zuwanta. Mace ce mai son aikinta, irin wadda in ta fara bayani sai ka nemi kujera.

"Malam Baldomero, in irin da nake zato ne a tafkinka, abin mamaki ne. Duk mata ne. Uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, ba ruwansu da namiji."

"Ko ɗaya?"

"Sai dai ɗaya can ba a rasa ba. Na Amurka kuwa ai ko yaro zai gane su. Namiji na da wasu manyan hannuwa a ka, ya riƙe mace ta baya, su yi ta yawo bibbiyu."

A nan ka ce, "Haka ne, Dakta, haka kakana ke faɗa." Ka ajiye wayar a hankali. Kada ka yi gudu sai ka fita daga idon maƙwabta.

Baldomero ya ɗebo ruwa a kofin gilashi ya ɗaga wa rana. Bibbiyu. Duk inda ya juya kofin, bibbiyu, kamar filin rawa ranar bikin gari.

Mataki na huɗu: Ari rariya da matsefatar matarka

Ba za ka iya tsince tafki guda ba, kada ka yaudari kanka. Zaɓi ɗan ƙaramin fage a kusurwa, ka share shi, ka toshe shi, ka cika da sabon ruwan da ka tace. Sai ka kamfato ƙwarin daga babban tafki da rariya, ka zauna da baho biyu da tabarau: mace a dama, namiji a hagu.

Za ka buƙaci matarka, domin idonta ya fi naka. Amma ka sani ba za ta yi aikin da baki rufe ba.

"Baldo, wannan namiji ne, ka jefa shi cikin mata," in ji matarsa Remedios.

"Mace ce."

"Da waɗannan hannuwan? Shekara nawa muna tare, har yau ba ka iya gane namiji ba. Don ma ba ka cika ganin sa a madubi ba."

"Reme, tsince ki yi shiru."

"Ni dai matan nan sun burge ni. Ba yi wa kowa girki, ba wankin safa. Wa ya ba su wannan shawarar, ni ban samu ba?"

Raba ma'aurata shi ne wahala. Namijin ba ya saki. Ka ja shi a hankali, kada ka tsaya tausayi. Bayanka zai riƙe, idonka zai yi ruwa, gishiri zai tsattsage maka yatsu, amma a ƙarshe kana da fage mai mata zalla.

Mataki na biyar: Cika wa baƙuwa ciki, ka rage mata hanya

Ranar da Dakta Nuria ta zo, Evaristo ma ya zo, da takalman roba sababbi. Remedios ta soya kifi, ta kawo wainar jatan lande da zaitun, aka yi ta tura wa baƙuwa faranti. Ilimi ba ya tafiya mai nisa bayan abincin rana.

"Dakta, hanyar babban tafki ta zabtare," in ji Baldomero. "Ga ɗan fage nan kusa, duk ruwa ɗaya ne."

Ta ɗiba a kwalba, ta ɗaga, ta daɗe tana kallo. "Mata zalla!"

Evaristo ya leƙa ta kafaɗarta. "Yaya, tun yaushe fagen nan ke da ruwa? A nan Baba ke ajiye baro."

"Mutumin Sevilla, kai ka san gabas a gonar nan?"

Da za ta tafi, ta tsuguna a gindin tsohuwar ganuwar tafki ta kankari busasshen taɓo ta zuba a leda. Kada ka hana ta. Masu boko ba sa komawa gida sai da datti.

Mataki na shida: Ɗora wa tsuntsaye

Bayan wasu makonni ta dawo, ba fara'a. Ta zaunar da 'yan'uwan biyu a inuwar rumbun gishiri.

"Matan da na ɗauka sun haihu a ɗakin bincike. Rabin 'ya'yan maza ne. Da ciki na ɗauke su, ashe. Mun duba ƙwayoyin gadonsu, 'yan Amurka ne tsantsa."

A nan ka kalli sama, ka yi ajiyar zuciya. "Tsuntsaye ne, Dakta. Filamingo na kwaso ƙwai a ƙafafunsu daga gonakin maƙwabta."

"Suna yi, gaskiya ne. Amma ban taɓa ganin filamingon da ya zauna ya ware maza gefe ba."

Evaristo ya yi dariya har da tari.

"Ba wannan ne ya dame ni ba," in ji ta. "Taɓon da na kankara cike yake da ƙwan irin gida, masu rai. Suna kwance ne suna jiran gishiri ya daidaita, kamar yadda suka saba duk shekarar da ruwa ya yi yawa. Da tafkin nan wayam na same shi, da taɓon kaɗai ya isa a kare wurin. Yanzu kuwa na leƙa babban tafki. Baƙin sun fi su saurin haihuwa, in na gida sun ƙyanƙyashe ba za su samu wurin juyawa ba. Ba abin da zan ce a kare."

Wannan kam babu tsuntsun da za a ɗora wa.

"Yaya," in ji Evaristo, "da biro na zo."

Wa ya ci, wa ya faɗi

Evaristo ya ci, bai ko jiƙa ƙafa ba. Masu otal sun ci, sun ce inda babban tafki yake nan za su haƙa wurin wanka, da ruwa mara gishiri. Dakta Nuria ta tashi da leda ɗaya ta taɓo, tana ajiye da ita a firji. Baldomero ya rasa gonar ubansa. Matan gida kuwa, da suka yi zamani bayan zamani ba su nemi namiji da komai ba, namiji ɗaya mai son taimaka musu ya gama da su.

A ƙarshe, in ka bi matakan nan ka wayi gari ba gona, ga ciwon baya, ga mata mai ba da labarinka a kasuwar kifi, kada ka doshi ƙofata. Ni matakai na jera maka. Hannun da ya buɗe gwangwani naka ne.