Rasuwar Kanyonyi, Keken Madarar Kabale

Da zuciya cike da baƙin ciki, da gwiwoyi cike da ciwo, dattijo Turyahikayo, mai sayar da madara a Kabale, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekensa na lantarki, Kanyonyi, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da safe a lanƙwasa ta uku ta hawan tudu, da jarka biyu a bayansa.

Shekara huɗu marigayin yana kai madara daga kwari zuwa makarantar kwana da ke bayan tudu, kafin ƙarfe bakwai. Kafin makon nan, bai taɓa makara ba. Bai taɓa neman mai ba. Ba shi da hayaniya. Abin da aka sani da shi kawai shi ne “zzzz” ɗin nan na hawa, da “ƙililin” guda a ƙofar kicin.

Aibinsa ɗaya: ba ya sauri a miƙaƙƙen titi. Kullum 'yan babur sai sun wuce shi suna ihu: “Baba, ka sauka ka taka mana, ai ka fi shi gudu!” Maganar ta ci wa dattijon rai. Ranar Asabar ya kai shi wurin bakanike, ya sa aka cire faifan giyar baya mai haƙori ashirin da takwas, aka ɗaura ƙarami mai goma sha huɗu don ya ƙara gudu. Bakaniken ya tambaya sau biyu: “Baba, tudun fa?” Ya ce, “Ɗaura, ɗana, tudun ya san mu.”

Ranar Litinin marigayin ya wuce babur biyu a titi. A tudu kuwa ya yi ta nishi, jikinsa ya ɗau zafi, madara ta isa bayan yara sun shiga aji. Shugabar makarantar ta ce in aka sake, za ta nemi wani. Washegari injin ya yi “ƙit-ƙit”, ya fid da hayaƙi kaɗan, ya yi shiru. Bakanike ya tabbatar da rai ya yi halinsa.

Ya rasu ya bar batir ɗaya mai sauran lafiya, da caja, da jarkoki biyu marayu, da saniya uku da ba su san an yi rashi ba. Ya kuma bar maigidansa mai shekara sittin da uku, wanda ya nemi a rubuta cewa laifin ba na bakanike ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma, a gonar ayaba da ke bayan gidan dattijon. Iyalan za su ba da kunun dawa. Ana roƙon 'yan babur su kashe injinsu daga bakin hanya. Masu son shayi da madara kada su damu, akwai ta da yawa: tun ranar Laraba makarantar ta ɗauki wani.